Tsakanin kufan Washington da hamadar Mojave: wace taswira ta fi daɗin yawo?

Na shafe kusan watanni 3 ina komawa kan wasannin kwamfuta biyu da na riga na gama tun da daɗewa, wato Fallout 3, mai gudana a kufan Washington, da Fallout: New Vegas, mai gudana a hamadar Mojave. Na san ƙarshen labarin kowannensu, don haka abin da na koma aunawa shi ne yadda aka zana ƙasar da mai wasa yake takawa, da abin da ke sa ƙafarsa ta karkata hagu ko dama alhali babu wanda ya aike shi. Wasannin biyu 'yan gida ɗaya ne. Injin da aka gina su da shi ɗaya ne, mai suna Gamebryo, na'urar Pip-Boy da ake ɗaurawa a hannu don duba taswira da kaya ita ma ɗaya ce, kuma dukansu sun tsiro ne daga ƙagaggen labarin yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Sin, wanda ya ɓarke ranar 23 ga Oktoban 2077 ya ƙone duniya cikin sa'o'i 2. Kamfanin Bethesda ya fitar da Fallout 3 a 2008, sannan ya ba kamfanin Obsidian aikin New Vegas, wanda ya fito a 2010 bayan kimanin watanni 18 ana aikinsa. Duk da wannan kusanci, da zarar mutum ya fito fili ya ɗaga kai zai gane cewa masu zanen biyu ba abu ɗaya suke so ya yi da ƙafarsa ba.

Labarin Fallout 3 na shekarar 2277 ne, yana kuma farawa cikin mafakar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 101, inda aka haifi sha'awar fita a zuciyar mai wasa ta hanyar kulle shi na kusan sa'a guda a ɗakuna marasa taga. Ranar da ƙofar ƙarfen ta buɗe, hasken rana yana kashe ido na ɗan lokaci, sannan a hankali ƙasa ta bayyana: kangayen unguwar Springvale a ƙasan tudu, tankin ruwa mai tsatsa, bishiyoyin da suka ƙone suka bar kututture, can nesa kuma hasumiyar tunawa da Washington tana tsaye da ramuka a jikinta. Babu shinge, babu mai gadi, babu wanda zai ce ga hanya. Mafakar tana kusa da tsakiyar taswira, saboda haka kowace kusurwa a buɗe take, kuma wasan yana daidaita ƙarfin yawancin abokan gaba da matakin mai wasa, ta yadda wanda ya fito da ƙaramar bindiga ba zai faɗa bakin mutuwa nan take ba don kawai ya zaɓi arewa maimakon gabas.

Dabarar da Bethesda ta dogara da ita ƙarama ce, amma tana aiki kamar ƙugiya. A ƙasan allo akwai kamfas, a jikinsa kuma wasu 'yan alamomi masu kusurwa uku suke fitowa. Wadda aka cike cikinta tana nufin wurin da aka taɓa zuwa, wadda cikinta yake fayau kuwa tana nufin akwai wani abu a can da ido bai gani ba tukuna. An warwatsa wuraren ta yadda kafin mutum ya isa ɗaya, wata alamar ta riga ta leƙo a gefe. Sau da yawa nakan fito daga garin Megaton, wanda aka gina kewaye da bam ɗin nukiliyar da bai tashi ba, da niyyar aike guda ɗaya, in wayi gari bayan sa'o'i biyu ina cikin wata masana'anta da ban san sunanta ba, jakata cike da tarkace, aiken kuwa na manta da shi sarai.

Wurin da ya fi nuna ƙwarewar wannan salo a ganina shi ne Minefield. Moira Brown, mai shago a Megaton, ita take tura mutum can don ya ɗauko mata nakiya. Ana shiga unguwar a tarar da gidaje tsit, titi cike da matattun motoci, sai kawai a ji wani ɗan ƙara yana tsiyaya da sauri a kusa da ƙafa, alamar an kusanci nakiya, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu ce tsakanin kwance ta da rasa ƙafa. Ana cikin sunkuyawa ana kwance su ɗaya bayan ɗaya, sai harsashi ya daki motar da ke gefe, ta kama wuta, ta tashi. Wani tsoho ne mai suna Arkansas yake kan wani rusasshen bene da bindigar hangen nesa, ba ya magana, ba ya tambaya. Wanda ya tsira ya shiga gidajen zai tarar da ƙasusuwan mutane a kan gado, kayan wasan yara a ƙasa, da abinci a kan shiryayye kamar masu gidan sun fita ne za su dawo. Babu wanda ya zauna ya ba da labarin unguwar, amma mutum yana fita da labarin a kansa. Haka Andale yake a kudu, inda iyalai masu fara'a da tsafta suke maraba da baƙo, har sai ya buɗe rumfar bayan gida ya ga irin naman da suke ci. Haka Oasis a arewa, kurmi kore shar a tsakiyar ƙasar da ciyawa ba ta fitowa, haka kuma Jamhuriyar Dave a kusurwar arewa maso gabas, inda mutum ɗaya ya ayyana gidansa a matsayin ƙasa yana shirya zaɓen da shi kaɗai yake ci.

Sai dai idan aka ja da baya aka dubi taswirar gaba ɗaya, waɗannan wurare kamar an jefo su ne daga sama, kowanne ya faɗi inda ya faɗi. Mutanen Megaton ba su da gona, shanunsu ba su taka kara sun karya ba, kuma wasan bai damu ya nuna abin da suke ci ba. Attajiran hasumiyar Tenpenny suna zaune cikin kwat da wando a tsakiyar daji, babu kasuwa kusa, babu hanyar da dukiya za ta biyo ta same su. Yaran kogon Little Lamplight suna maƙwabtaka da mafaka ta 87, matattarar ƙattin dodannin da suka addabi yankin duka, kuma shekara da shekaru suna nan lafiya. Adalci ne a ambaci fatake huɗu da suke zagaya garuruwa da shanunsu masu kai biyu suna komawa Canterbury Commons, da kuma ɗakin binciken shuka da ke Rivet City, garin da aka kafa cikin wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jirage. Amma waɗannan ba su isa su ɗinke ƙasar ta zama abu ɗaya ba. Ana iya ɗauke Andale a mayar da shi arewa, a kawo Jamhuriyar Dave kudu, babu abin da zai canza a labarin.

Cikin birnin Washington kuwa nan ne ra'ayin masu wasa ya fi rabuwa. Ba a shiga unguwannin birnin ta kan titi, domin tulin ɓaraguzai ya toshe kowane lungu, dole sai ta ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: na'urorin Xbox 360 da PlayStation 3 na lokacin ƙwaƙwalwarsu ba ta wuce megabait 512 ba, ba za su iya ɗaukar birnin duka a lokaci guda ba, sai aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka haɗa da ramuka. Tafiya ta farko zuwa gidan rediyon Galaxy News, daga tashar Farragut West a ɓulla Chevy Chase, tana da ban tsoro mai daɗi, kuma fitowa daga duhu a tsinci kai a babban filin da ke gaban majalisar dokoki, an haƙa ramukan yaƙi a cikinsa, abin kallo ne da ba ya gushewa. A karo na goma kuwa ramukan sun zama abu ɗaya: tayil iri ɗaya, matattun taragai iri ɗaya, da kibiyar kamfas da take nuna bango saboda ƙofar da take nufi tana hawa na sama. Taswirar Pip-Boy ba ta bambance hawa da hawa, don haka a nan ba ta da amfani sosai.

New Vegas ya ɗauki wata hanya dabam tun daga minti na farko. Shekarar 2281 ce, mai wasa ɗan aike ne da aka harba a ka aka binne a maƙabartar Goodsprings, wani likita mai suna Mitchell ya ɗinke shi. Idan aka hau tudun maƙabartar da dare aka dubi arewa, ga fitilun Las Vegas can suna ƙyalli, hasumiyar Lucky 38 ta yi sama da kowane gini, kuma mutumin da ya yi harbin can ya nufa. A ido tafiyar ba ta da nisa, babbar hanya mai lamba 15 ta miƙe ɗoɗar zuwa can. Amma duk wanda ya bi ta zai isa sansanin ma'aikatan fasa dutse na Sloan, inda shugabansu Chomps Lewis zai tare shi ya gaya masa cewa dodannin da ake kira deathclaw sun mamaye ma'aikatar, kuma waɗannan ba sa sassauta ƙarfinsu don mai wasa sabo ne; mari ɗaya ko biyu ya gama da shi. Ɗaya hanyar da ta bi ta bayan Goodsprings kuma wasu manyan rina masu dafi da ake kira cazador ne suke gadinta, har an kafa alluna ana gargaɗin matafiya. Mutanen gari suna faɗa, alluna suna faɗa, wanda ya ƙi ji kuwa ba zai ƙi gani ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin babban aibin wasan, suna cewa an ba su fili sannan an ɗaure musu ƙafa. Ni kuwa a nan nake ganin gwanintar Josh Sawyer, wanda ya jagoranci aikin, da abokan aikinsa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu iya magana, kuma hanyar lafiya a nan ita ce a juya wa birnin baya a yi kudu, a zagayo ta gabas, sannan a hau arewa ta hanya mai lamba 95. Kowane zango a wannan zagaye an ajiye shi ne da manufa. A Primm fursunonin da suka tsere daga kurkuku sun ƙwace gari sun kashe ɗan sandansa, sojojin Sabuwar Jamhuriyar Kalifoniya kuwa, ɗaya daga rundunoni biyu da ke rikici a kan yankin, suna zaune a tantunansu a ɗaya gefen gada, suna cewa ba su da isassun mutane kuma ba a ba su umarni ba. A can ƙarshen kudu, a kan tudu, manyan mutum-mutumi biyu na ƙarfe suna musafaha, ana hango su tun daga nesa, a ƙarƙashinsu kuma ayarin fatake ne jibge a shingen Mojave Outpost, an hana su wucewa saboda hanya ba ta da tsaro, suna ta cika takardu suna jiran izinin da ba ya zuwa. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin iyaka yana jiran hatimi zai gane yanayin fuskokinsu.

Daga nan sai a hango hayaƙi a gabas. Nipton ke nan. Kafin a shiga, wani mutum yana fitowa a guje yana ihun murna wai ya ci caca, sai an ƙarasa ciki ake gane irin cacar: rundunar Kaisar, abokiyar gabar Jamhuriyar, ta tara mutanen garin ta raba musu ƙuri'a, wanda ya zo na ɗaya aka sake shi, na biyu aka karya masa ƙafafu, sauran aka gicciye wasu a jikin turaku a bakin titi, wasu aka ƙone su a kan tulin tayoyi. Jagoran maharan, Vulpes Inculta, yana saukowa daga matakalar zauren gari sanye da fatar kan kare, ya yi magana cikin natsuwa, ya ce a je a ba da labarin abin da aka gani, sannan ya wuce da mutanensa ba tare da ya taɓa mai wasa ba. Bayan Nipton sai Novac, inda maharbi yake gadin dare daga cikin bakin wani ƙaton mutum-mutumin dabbar zamanin da, sai tashar wutar hasken rana ta Helios One da aka damƙa wa wani jahili saboda babu wanda ya fi shi iya cika baki, sai Boulder City da aka rusa da gangan a yaƙin farko na madatsar ruwa ta Hoover, da dutsen da aka rubuta sunayen sojojin da suka mutu. Kafin mutum ya isa ƙofar birnin caca, ya riga ya san cewa Jamhuriyar ta haɗiyi abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronta, ya san abin da Kaisar yake yi wa garin da ya kama, ya kuma san abin da ake faɗa a kansa. Babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa lacca. Ƙafarsa ce ta karanta.

Wannan tunani ya ratsa taswirar duka. Kogin Colorado shi ne iyaka tsakanin rundunonin biyu, sansanonin sa ido na Jamhuriyar an jera su inda soja mai hankali zai jera su, sansanin Forlorn Hope yana fuskantar garin Nelson da abokan gaba suka ƙwace, ana hango juna. Wayoyin lantarki suna tasowa daga madatsar Hoover, bututun ruwa yana kai wa gonakin 'yan ƙodago da ke gefen birni, manoman kuma suna kukan cewa rabon ruwansu ya ragu, kuma akwai aiken da zai kai mutum ga dalilin. Da yawa daga wuraren na gaske ne a jihar Nevada: Goodsprings da Primm da filin jirgin McCarran (wanda aka canza wa suna zuwa Harry Reid a 2021) da sansanin sojan sama na Nellis duk suna nan, kuma an bi tsarin zamansu gwargwadon hali. Idan aka kunna tsarin wahala, wanda yake tilasta shan ruwa da cin abinci da barci, yake kuma sa harsashi ya yi nauyi a jaka, sai rijiyar Goodsprings da tafkin Mead su tashi daga ado su zama wuraren da ake lissafin tafiya da su.

Aibobin taswirar Mojave ba ƙanana ba ne, kuma masoyanta sukan yi saurin rufe su. Akwai tuddai da dama da ido yake ganin za a iya hawa, amma a tsakiyar hawan sai a ci karo da bangon da ba a gani, abin da yake karya zuciyar mai yawo fiye da kowane dodo. Gabashin kogi, ƙasar Kaisar, kusan duk a rufe yake in ban da sansaninsa da 'yan wurare kaɗan, don haka ana jin labarin mulkinsa fiye da yadda ake ganinsa. Alamomi da yawa a taswira idan an je bukka ce da gado da kwalabe biyu. Babban titin caca kansa, wanda aka yi sa'o'i ana hangowa, an yanka shi uku da ƙofofi saboda ƙarancin ƙwaƙwalwar na'urorin nan, kuma mutanen da ke yawo a kai ba su kai na kasuwar ƙauye ranar da ba ta ci ba. Wanda yake son ya bar hanya ya faɗa daji ya ga abin mamaki kowane minti biyar zai fi samun biyan bukata a Fallout 3 nesa ba kusa ba. Inda New Vegas ya rama shi ne mafakun ƙarƙashin ƙasa. Ta 22 tsirrai sun cinye ta har da mutanenta, ta 11 kuwa bangayenta cike suke da hotunan yaƙin neman zaɓe inda kowane ɗan takara yake roƙon a zaɓi abokin hamayyarsa, kuma ba zan faɗi dalili ba domin saukowa zuwa ɗakin ƙarshe a ji da kunne ya fi. Ta 34 dai ruɗani ce zalla, ga gubar nukiliya tana cin jiki, ga ƙofofi masu kama da juna.

Fallout 4 na 2015, wanda aka kafa a Boston, ya warware matsalar yankan birni, domin ana ratsa unguwanni a hau rufin benaye da gadojin sama ba tare da allon jira ba, kuma yankin Glowing Sea da ke kudu maso yamma, inda bam ya faɗi, yana cikin wurare mafi ban tsoro da aka taɓa zanawa a jerin. Amma yawancin gine-ginensa sansanin 'yan fashi ne da ake sharewa a kwashe gam da tsofaffin fankoki don gina matsuguni, don haka ban sa shi a sikeli ɗaya da waɗannan biyun ba.

Ga mai niyyar saye, duka biyun suna nan a shagunan wasanni na intanet, Steam da GOG, suna tafiya a kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi, kuma gara a ɗauki bugun da ya haɗa da ƙarin yankuna, musamman Point Lookout na Fallout 3 da Honest Hearts na New Vegas, wanda yake kai mutum kwazazzabon Zion. An san New Vegas da daskarewa tun fitowarsa, saboda haka a riƙa adana wasa a kai a kai. Dukansu na manya ne, akwai jini da giya, New Vegas har da caca, ba na ba yara ba ne. Wanda bai taɓa irin wannan wasa ba ina ba shi shawarar ya fara da Fallout 3, domin sa'o'insa 20 na farko babu kamarsu wajen daɗin ɓacewa. Ƙuri'ata dai ta New Vegas ce, kuma gwaji ɗaya ne ya tabbatar mini da haka.

A zagayena na ƙarshe na ƙudura sai na bi ta arewa. Na buɗe akwatin ƙarfen da ke tsohuwar makarantar Goodsprings na ɗauki na'urar ɓacewa daga ido, na wuce Sloan ban saurari Chomps Lewis ba, na manne da gefen dutse ina rarrafe, dodannin suna shawagi a ƙasa. Bayan mutuwa huɗu na wuce, kuma cikin ƙasa da sa'a guda ina tsaye a unguwar Freeside da ke bakin titin caca. Mutum-mutumin da ke gadin ƙofar titin caca ya nemi in nuna murafun kwalba 2,000, waɗanda su ne kuɗin ƙasar, ni kuwa ko 500 ɗin da ake sayen jabun fasfo a shagon Mick da Ralph ba ni da su. Na tsaya ina jin 'yan unguwa suna zagin Jamhuriyar, sojojinta suna raɗe-raɗin abin da aka yi a Nipton, sai na lura cewa wannan ɗan aiken nawa bai ga ko ɗaya daga ciki ba, maganganun duk suna wuce shi kamar hirar baƙin da aka tarar a mota. Na buɗe Pip-Boy na koma Goodsprings, na cika kwalabena a rijiya, na kama hanyar Primm da ƙafa.